Google My Maps wajen tsara hanyar motar shara a Sakkwato: inda ya yi rana da inda ya gaza

Mai tifa biyu ko uku da ke kwasar shara a Sakkwato zai amfana da My Maps, wato shafin Google da mutum ke zana tasa taswirar, kuma kyauta ne. Sai dai taswira ce ta gani da ido, lissafin hanya yana nan a wuyan mai aiki.

Ana buɗe shi a burauza, ya fi daɗi a kwamfuta, domin an janye manhajarsa ta Android tun 2021. A dasa alama a kan kowane juji, a rubuta yawan abin da yake tarawa a mako: rabin tifa, tifa guda, ko baro nawa. Taswira ɗaya tana ɗaukar falle (layer, wato rukunin alamomi) goma, saboda haka kowace rana ta samu nata falle da launinta. Da an gama, ɓarnar tana fitowa fili: motar da ta kwashe Mabera ta ratsa gari zuwa Runjin Sambo da rabin kaya, alhali Minanata na kusa da ita.

Inda ya fi burge ni shi ne zaɓen wurin kwanan mota. A auna nisan gareji zuwa jujin farko, da nisan wurin zubarwa zuwa gareji. Idan kowanne kilomita 8 ne, kullum mota na cin kilomita 16 ba kaya, a kwana 26 na aiki kilomita 416 ke nan na dizal da taya a banza. Sau da yawa matso da garejin ya fi duk wata dabarar sauya hanya rage kashe kuɗi.

Gazawarsa kuwa mai ciwo ce. Layin hanya ɗaya ba ya wuce wuri goma, kuma ba ya jera su da kansa, yadda ka shigar haka zai bi. Bai san nauyi ba. Sharar garin nan cike take da yashi da toka, da damina kuma ta jiƙe ta yi nauyi, sai sifirin ya kwanta tun bodi bai cika ba. Wanda ya tsara sawu biyu a taswira sai ya tarar uku ne, la'asar ta yi masa a hanya. Haka nan bai san faɗin lungu ba, zai iya tura tifa cikin tsohon gari wajen Kanwuri inda sai keken ɗaukar kaya ko baro. Irin waɗannan unguwanni a ware musu wurin tarawa a bakin titi, a sa alamar a can.

Kafin a miƙa wa direba hanya, a bi ta da babur sau ɗaya, a buga jerin wuraren a takarda, domin taswirar ba ta buɗuwa idan data ta yanke. Mai motoci da yawa kuma ya nemi wanda ya iya OR-Tools, wata manhajar lissafi ta Google, ita tana lissafa nauyi da jerin tsayawa tare.