Wa zai tsaya maka? Wasiƙa daga Liyon zuwa Garwa

Ƙanena, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, Inna da jikinta, da yara, da mutanen unguwa baki ɗaya. Na ga saƙonka cewa makaranta ta karɓe ka, Allah ya sa albarka. Ka tambaye ni kuɗin jirgi daga Duwala da irin rigar sanyin da za ka saya. Waɗannan duk masu sauƙi ne, za mu yi maganarsu a waya. Abin da nake so ka sa a ranka tun kana Garwa shi ne ɗaki, domin shi ya hana ni barci a watannin farko, kuma ban taɓa gaya muku dalla-dalla ba don kada hankalin Inna ya tashi.

Ka tuna lokacin da na kama ɗaki a Yelwa? Baba ya saka babbar riga, muka je wajen mai gidan bayan la'asar, aka gaisa, aka yi maganar damina da farashin auduga, sannan Baba ya ce, "Ga yaronka." Mai gidan ya ce a ba shi na wata shida, sefa 15,000 kowane wata. Muka ƙirga masa, ya miƙo makulli. Ba a rubuta komai ba. Fuskar Baba ita ce takarda.

Nan Faransa sai na tarar da abin a juye. Na iso da kuɗin da na tara, na ga wani ɗan ɗaki a Villeurbanne, maƙwabciyar Liyon, da bayan gida da wurin girki duk a ciki, yuro 550 a wata. Ka lissafa da kanka, yuro ɗaya sefa 655 ne da ɗoriya, ka ga ya haura 360,000. Na ce wa matar ofishin dillalan gidaje zan biya wata shida nan take. Ko kallon kuɗin ba ta yi ba. Ta ce, "Ina dosiye? Wa ye garan ɗinka?"

Dosiye shi ne tarin takardunka: fasfo da biza, takardar makaranta ko ta aiki, takardun albashi na wata uku da suka wuce, da takardar haraji. Garan kuwa shi ne mai tsaya maka, wanda idan ka kasa biyan haya shi za a kama. Shi ma sai ya kawo nasa takardun, irin naka sak. Kuma al'adarsu, ko da yake ba doka ba ce, suna son abin da mutum ke samu a wata ya ninka kuɗin haya sau uku. Ga ɗakin nan ke nan sai mai albashin yuro 1,650, kuma sun fi son mai aikin dindindin da suke kira CDI. Ni da na sauka jiya, ina zan samo takardar albashin Faransa ta wata uku?

Na ce mata Baba yana da shago da gida nasa na kansa. A dokarsu ta haya ta 1989 an hana mai gida ya ƙi garan don kawai ba Bafaranshe ba ne ko don ba ya zaune a ƙasar. Amma idan mutum ashirin suna neman ɗaki ɗaya, ba sai an ce maka a'a ba. A ɗauki wanda mahaifinsa ke karɓar albashi a Faransa, kai kuma a daina ɗaga wayarka. Na ga ɗaki tara a haka.

Duk wannan lokaci ina kwana a falon Kawu, wanda ka sani, da ya shekara ashirin a nan. Ya ba ni wurin kwana, ya ci da ni, ya rubuta mini takardar shaidar cewa a gidansa nake, da ita na buɗe asusun banki. Wata rana bayan sallar isha'i na roƙe shi ya tsaya mini. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, ka yi haƙuri, wannan ba zan iya ba." Wallahi abin ya yi mini ciwo. Na kwana ina cewa a raina, ashe haka Turai ke mai da mutum?

Sai daga baya na fahimci abin da na roƙa. A gida idan dattijo ya ce ya tsaya maka, mutuncinsa ya sa a gaba. In ka yi ba daidai ba, a kira shi, ya ba da haƙuri, a je wajen jauro ko limami a sasanta. A nan kuwa bashi ne ya ɗauka a wuyansa. Garan yana rubuta adadin kuɗin da kansa, da lamba da kalmomi, ya sa hannu. Irin lamunin da masu gida suka fi nema ma, ranar da ka yi lattin biya, mai gida na da ikon ya nufi garan kai tsaye ba sai ya fara bin ka ba. Kotu na iya sa a yanka daga albashinsa. Kawu yana da 'ya'ya huɗu da bashin gida a banki, kuma ya taɓa tsaya wa wani ɗan gida da ya koma ba sallama, ya bar masa haya ta watanni. Bai gaya mini ba, matarsa ce ta faɗa mini a kicin. Don haka idan ka zo kada ka roƙe shi, kada ka sa shi jin nauyi, kuma kada wani a gida ya ce Kawu ya manta da zumunci. Wanda ya ba ka tabarma sati bakwai a ƙasar da kowane taku na ɗaki kuɗi ne, ya yi zumunci.

Na tambayi wani tsohon Bafaranshe da ke ba da hayar ɗakuna biyu me ya sa suke tsoro haka. Ya ce fitar da ɗan haya sai ta kotu, kuma shari'ar na daɗewa. Ga kuma dokar hunturu: daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris ba a fitar da ɗan haya daga gida, ko da bai biya ba. Wannan doka na yaba mata, domin na ga sanyin Janairu a bakin kogin Ron, ba irin hunturunmu na Binuwai ba ne da bargo ɗaya ke isa. Sai dai dokar da ke kare wanda ke ciki ita ce ke sa a toshe ƙofa ga wanda ke waje, kuma baƙo shi ne kullum a waje. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mu Hausawa mun san maganin wannan tun zamanin fatauci. Bafatake ya sauka zango bai san kowa ba, fatoma ya ba shi masauki, ya ajiye masa kaya, ya tsaya masa a kasuwa har a ba shi bashi. Kakanninmu da haka suka kai Garwa da Ngaundare.

Abin da ya fitar da ni shi ne Visale. Wata hukuma ce mai suna Action Logement ke gudanar da shi tun 2016, da kuɗin da kamfanoni ke zubawa don gidajen ma'aikata. Tana tsaya wa matasa 'yan shekara 18 zuwa 30, har da ɗaliban ƙasashen waje masu bizar dogon zama, kuma kyauta ne. Ta intanet ake nema. Idan ka kasa biya, su biya mai gida, sannan su bi ka bashin, domin ba sadaka ba ce. Ka kula da abu biyu. Dole ka sami takardar kafin a sa hannu a kan yarjejeniyar haya, in an riga an sa, ta wuce. Sannan ba dole ne mai gida ya karɓa ba. Wasu sun ƙi nawa, tsohon nan da na gaya maka shi ya karɓa. Akwai kuma kamfanoni masu tsaya wa mutum a biya su wani kaso na hayar, amma ka fara da na kyautan.

Da na shiga ɗakin na ga inda suka fi mu, kuma gaskiya sai a faɗe ta. Kuɗin ajiya doka ta ƙayyade shi: na wata ɗaya in ɗaki babu kaya, na wata biyu in akwai gado da kujeru. Ranar shiga muka zaga da mai gidan, aka rubuta kowane tabo na bango da famfo mai ɗiga, muka sa hannu mu biyu, don ranar fita kada a ɗora mini abin da na tarar. Rasit ina karɓa duk wata. Ba ya iya tashi da safe ya ce ɗansa zai yi aure, in kwashe kayana kafin Juma'a, kamar yadda aka yi wa Yaya a Marware. Ruwa da wuta ba su taɓa ɗaukewa ba tun da na zo, amma inshorar ɗaki dole ce, kuma kuɗin ɗumama ɗaki a hunturu yana cin aljihu. Maƙwabcina na ƙofa da ƙofa kuwa, shekara guda ke nan ban san sunansa ba.

Ina roƙonka da girman Allah, kada ka saurari masu cewa za su haɗa maka takardun albashi na bogi. Laifi ne da ke kai mutum kotu, kuma yana iya cin takardar zamanka. Kada kuma ka tura wa kowa ko sisi don ɗakin da ba ka shiga da ƙafarka ba, komai kyan hoton.

Da zarar biza ta fito, ka ɗauki hoton fasfo da bizar da takardar makaranta, masu fitowa tas, ka turo mini, mu cika neman Visale tare. Ka nemi ɗaki a CROUS, hukumar gwamnati mai kula da gidajen ɗalibai, tun yanzu, ya fi araha ko da yake masu nema sun fi ɗakunan yawa. In bai samu ba, akwai katifa a wajena, ni zan rubuta maka takardar masauki. Ka ce wa Inna ta sako mini kuka da daddawa da yajin nan nata. A gaida Baba, a ce ina neman addu'a.