Shafa gishiri ko jiƙawa: wanne ya fi kafin a yi bandar nama?

A Ingila akasari da tsokar gadon bayan alade ake yin bekin, wato naman da ake gyarawa da gishiri, sau da yawa kuma a banda shi, kuma mai naman shanu ma haka zai bi. Masu shafawa suna murje naman da gishiri, kamar giram 25 a kowane kilo, da ɗan sukari da gishirin nitirayit mai hana nama lalacewa, su sa a firji mako guda suna juya shi kullum. Ruwa ya tsattsafo, tsoka ta kame ta yi ja. In ka soya, ba ya zubo farin ruwan nan a kasko, shi ya sa na fi son sa.

Jiƙawa a ruwan gishiri kuwa tana ratsa ko'ina daidai, nama ya yi laushi, sai dai ɗanɗanon ba ya kai na farko. Kuma sai ya kwana yana shan iska a firji, don jiƙaƙƙen nama ba ya kama hayaƙi.