Kundin tsarin mulki na aljihu: a duba shi kafin a biya

Ina koyar da darasin gwamnati a wata sakandare a Kano, kuma duk zangon da muka iso kan rabon iko a tsarin tarayya, nakan so yara su riƙe kundin da hannunsu. Shi ya sa na sayi kwafi biyar na ƙaramin kundin 1999 a wani shagon littattafai a Sabon Gari.

Yana shiga aljihun kaftani, farashinsa da sauƙi. Takardar dai shara-shara ce, rubutun kuma ƙanana ƙwarai.

Amfaninsa a wurina yana can baya, a Jadawali na Biyu. Da yara suka ga jerin abubuwa 68 da aka keɓe wa gwamnatin tarayya, irin su tsaro, kuɗin ƙasa, kwastan, fasfo da ma'adinai, sai aji ya ɗauki zafi. Wani ya tambayi dalilin da gwamna ba shi da 'yan sandan kansa, muka buɗe sashe na 214 ya karanta da bakinsa. Muka wuce jerin da tarayya da jihohi suke haɗa hannu, da sashe na 4 da ya ce in dokokinsu sun ci karo, ta tarayya ce a sama. Abin da ba ya cikin jerin biyun, kamar sarautar gargajiya, na jiha ne. Wannan kam ɗan Kano ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu: "Malam, ba an ce jihohi za su iya shimfiɗa layin dogo yanzu ba?" Gaskiyarta. A Maris 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a gyaran da ya mayar da jiragen ƙasa da gidajen gyaran hali jerin haɗaka, ya kuma faɗaɗa ikon jihohi kan wutar lantarki. Kwafina ba shi da ko ɗaya, kuma bangon bai nuna shekarar bugu ba. Abin ya dame ni, don yaro zai haddace kuskure ya kai shi ɗakin jarrabawa.

Mai shagon ya ba ni haƙuri, ya ce tsohon kaya ne. Na bi kwafin biyar na gyara da jan biro. Mai niyyar saye ya fara buɗe Jadawali na Biyu, in ya tarar da jirgin ƙasa a jerin farko, ya nemi sabon bugu.