Lauyar da ta hana ni shigar da rabin ƙarata

Shadda da atamfa nake sayarwa a Kwari, kuma kafin bara ban taɓa taka ofishin lauya ba. Abin da ya kai ni shi ne ƙanina. Abokin cinikinsa ya ci bashin wani ya gudu, sai 'yan sanda suka zo shago suka tafi da shi, wai sai wancan ya bayyana. Kwana biyar muna kai abinci, ba a kai shi kotu ba, ba a kuma sake shi ba. Wani maƙwabcin rumfata ne ya kwatanta mini ofishin wata lauya, a hawa na biyu na wani tsohon bene.

Bari in fara da abin da bai yi mini ba. Ɗakin jira ƙarami ne, kujera huɗu, ranar kuma babu wuta. Na yi awa biyu ina fifita da wata tsohuwar jarida. Yaron ofishin ba ya ɗaga waya, har sau biyu aka ɗage zama ban sani ba sai da na rufe rumfa na je kotu. Kuɗin aiki ma ba na wasa ba ne, ya kusa ribar dila guda, sai dai ta yarda na biya kashi biyu, ta kuma ba ni rasit.

Amma da na zauna gabanta sai zafin ya wuce. Ta ɗauko Kundin Tsarin Mulki na 1999, ta buɗe Babi na Huɗu, tana karanta sashe na 35 tana mayar mini da Hausa. Wanda aka kama, dole a sanar da shi dalili a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, kwana ɗaya ne a gurfanar da shi. Wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba kuwa, yana da haƙƙin diyya da ban haƙuri a bainar jama'a. Ta ƙara da cewa dokar shari'ar laifuka ta 2015 da dokar 'yan sanda ta 2020 duk sun hana kama mutum a madadin wani, sun kuma hana kama shi don bashi kawai. Na ce, "Barista, to ai shi yana kulle, wa zai yi rantsuwar shigar da ƙarar?" Ta ce, "Kai za ka yi, Alhaji. Ƙa'idojin shigar da ƙarar tauye haƙƙi na 2009 sun yarda." Da takardun rantsuwa da hujjojin lauyoyi a rubuce ake irin wannan shari'a, ba a cika jera shaidu ba, kuma wanda ake ƙara kwana biyar gare shi ya ba da amsa. Washegarin da takardar Babbar Kotu ta isa hannunsu, ƙanina ya kwana a gida.

Inda ta burge ni sosai shi ne wurin da ta ƙi ni. Ina da wani tsohon haushi: lokacin dokar hana fita an tare motar kayana a bakin gari ta kwana biyu, ruwa ya taɓa wasu diloli. Na ce tunda an zo, a haɗa har da wannan, ai sashe na 41 ya ba ni 'yancin zirga-zirga. Ta yi murmushi ta juya shafi zuwa sashe na 45. Ashe 'yancin sirri, da na addini, da na faɗin albarkacin baki, da na taro, da na zirga-zirga, duk doka na iya rage su saboda tsaron ƙasa, ko zaman lafiya, ko tarbiyya, ko lafiyar jama'a, ko kare haƙƙin wasu. Sharaɗin shi ne takurar ta zama wadda hankali zai ɗauka a ƙasar da ke bin dimokuraɗiyya. Alƙali zai duba ko akwai dokar da aka dogara da ita, da dalilin da aka kawo, sannan ya auna ko takurar ta wuce gona da iri. Ta ce hana fita na 'yan kwanaki ana tsaka da ƙone-ƙone, da wuya alƙali ya rushe shi, kuɗina kawai zan zubar.

Don kada in ɗauka gwamnati ce ke cin nasara kullum, ta tuna mini gangamin jam'iyyar adawa ta ANPP na nan Kano a Satumbar 2003, wanda aka tarwatsa da barkonon tsohuwa. Na tuna shi sarai, 'yan kwanaki bayansa Chuba Okadigbo, tsohon shugaban Majalisar Dattawa kuma jigo a jam'iyyar, ya rasu. ANPP da wasu jam'iyyu suka je kotu, a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce tilasta neman izinin 'yan sanda kafin taron lumana ya saɓa wa sashe na 39 da na 40, na faɗin albarkacin baki da na taro. Wato sashe na 45 ɗin bai cece su ba. Wata lauyar da ta ga ina huci, da ta karɓi kuɗin ƙara biyu ta yi shiru abinta.

Hukunci ya fito bayan wata bakwai. Alƙali ya ce tsarewar haramtacciya ce, ya yanke diyya da ban haƙuri. Tun farko ta gaya mini samun hukunci daban, karɓo kuɗi daga hukuma daban, kuma haka aka yi, har yau ko sisi ba mu gani ba. Idan za ka je, ka rubuta rana da lokacin da aka kama naka, da sunan wanda ya gani, ka kuma karɓi lambarta ita kanta, ka manta da ta yaron ofis.