Shafin Constitute: ya isa a kwatanta, bai isa a yanke hukunci ba

Constitute shafin intanet ne na kyauta da aka buɗe a 2013, ya tara kundin tsarin mulkin kusan kowace ƙasa. Ka shiga jerin batutuwa, ka zaɓi na hanyar gyaran kundi, sai ya zaro maka sashen daga kowace ƙasa, ka jera biyu gefe da gefe.

Nan amfaninsa yake. Ɗora sashe na 9 na kundin Nijeriya na 1999 kusa da sashe na 5 na Amurka: a nan kashi biyu cikin uku na kowace majalisa, da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36, a can jihohi 38 cikin 50, shi ya sa gyara 27 kacal suka yi. Ghana ta fi tsauri kan sassan da ta killace: ƙuri'ar raba-gardama, kashi 40 cikin 100 na masu rajista su fito, kashi 75 na waɗanda suka fito su amince. Japan kuwa ba a taɓa gyara nata ba tun 1947.

Sai dai abin da aka rubuta daban, abin da ake yi daban, kuma nan masu bincike ke tuntuɓe. Sashe na 368 na Indiya bai ce akwai abin da majalisa ba za ta iya taɓawa ba. Kotun Ƙoli ce ta kafa wannan iyaka a 1973. Sashe na 9 namu bai ambaci sa hannun shugaban ƙasa ba, amma a 2015 Goodluck Jonathan ya ƙi sa hannu, gyaran gaba ɗaya ya bi ruwa bayan jihohi sun amince. Wanda ya tsaya ga rubutun kawai ba zai ga wannan ba.

A duba shekarar da ke jikin sunan kowane kundi. Nijeriya ta yi gyara a 2018 da 2023, har wutar lantarki da jiragen ƙasa suka shiga ikon jihohi. Bugun da ya girmi hakan ba ya ɗauke da su. Akwai Turanci, Larabci da Sifaniyanci, babu Hausa, kuma kundin ƙasashe irin su Jamus fassara ne, don haka lauya ya nemi asalin kafin ya kafa hujja da kalma ɗaya.