Zobe ko na'urar bin sawu: wanne ya fi a aikin kaka?

Wani ɗan'uwa ya tambaya: tunda akwai na'urorin bin sawu, me ya sa har yau masu bincike ke kafa raga da asuba a Satumba da Oktoba suna sa wa tsuntsaye masu ƙaura zobe a ƙafa?

Malam, aikinsu ba ɗaya ba ne, kuma a ganina a lokacin kaka zobe ne kan gaba. Wani malamin makaranta ɗan Denmak, Hans Christian Mortensen, ya fara shi a 1899: ɗan alminiyom mai lamba da adireshi, ga araha, ga rashin nauyi. Amma ribar tana hannun mai kamun. Kafin ya saki tsuntsu zai auna fiffike, ya ɗora shi a sikeli, ya hura gashin ƙirji ya ga kitsen da ya tara na guzuri, rawaya-rawaya a ƙarƙashin fata. Daga gashin fiffike gwani kan gane ɗan bana ne ko babba, kuma yawan 'yan bana a raga shi ke nuna ko ƙyanƙyasar shekarar ta yi albarka. Na'ura ba ta ba ka wannan, don tsuntsaye ƙalilan ake sa wa.

Inda zobe ya gaza, wuri biyu kawai ya sani: inda aka sa shi da inda aka tsince shi. Tsattsewar da aka sa wa zobe a Ingila a 1911 an tsince ta a Natal, Afirka ta Kudu, a 1912. Ta ina ta bi? Oho. Kuma a ƙananan tsuntsaye, waɗanda ake samun labarinsu daga nesa ba su kai ɗaya cikin ɗari ba.

Nan na'urar tauraron ɗan'adam ta yi zarra. Da ita ƙungiyar nazarin tsuntsaye ta Birtaniya, BTO, ta bi tsuntsayen da ake kira "cuckoo" da Turanci tun 2011 har dazukan Kwango, zango-zango. Sai dai tsada, sai nauyi: ƙa'ida kada ta wuce kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari na nauyin tsuntsu, to mai giram 10 fa?

Ƙanana ana goya musu wata mai auna hasken rana don gano inda suka bi, da ba ta kai giram ɗaya ba. Ba ta aika komai, sai an sake kama tsuntsun baɗi, a raga, zoben ƙafarsa ya tabbatar shi ne. Kuma wajen 23 ga Satumba, da dare da rana suka daidaita, takan kasa faɗin ko yana arewa ko kudu, alhali lokacin ƙaura ta kankama.