Na yi wata biyar ina amfani da ƴar na'urar OBD2 a motata mai gas, ga abin da na gani game da zafin inji

Jama'a wannan na'urar dai ƙarama ce, ba ta kai kwalin ashana biyu ba, irin wadda ake rubuta ELM327 a jikinta, ana soka ta a wani soket mai haƙora 16 da ke ƙarƙashin sitiyari sai ta haɗu da waya ta Bluetooth ta dinga nuna abin da kwamfutar motar ke karantawa. Na saye ta ne don abu ɗaya tak, ina so in san ainihin zafin injin motata, don na daina yarda da allurar da ke dasbod. Motar a-kori-kura ce mai injin gas, wato dizal, silinda huɗu, lita 2.5 mai tobo, na saye ta hannu, kuma kaya nake ɗauka da ita ba yawo ba.

Abin da ya tayar min da hankali tun farko, duk lokacin da na hau tudu mai tsawo da kaya sai in ji wani warin zafi yana shigowa, in na tsaya in ji ruwa yana ƙugi a cikin lagireto, amma allura tana nan a tsakiya daram ko gezau. Ga ruwa yana raguwa kaɗan kaɗan duk sati. Na kai wa bakanike ya duba ya ce ai tunda allura ba ta hau ba lafiyarta lau, in dinga ƙara ruwa kawai. Hankalina bai kwanta da maganar ba wallahi, don injin gas in ya ƙone gasket ko top silinda ta lanƙwashe ba ƙaramin aiki ba ne.

Haɗa ta bai ba ni wahala ba. Ka soka, ka murɗa ki ba sai ka tayar ba, ka nemo ta a Bluetooth, lambar haɗawa yawanci 1234 ce ko 0000, sai ka buɗe manhaja, ni Torque nake amfani da ita a Android. Cikin minti biyar lambar zafin ruwa ta fito a fuskar waya, digiri 27 da safe kafin in tayar, daidai da yanayin waje, wannan ma gwaji ne mai kyau da nake ba kowa shawara ya fara yi, in mota ta kwana ba a tayar ba to zafin ruwa ya kamata ya zo kusa da zafin iskar waje, in ka ga ya yi nisa da shi sosai sensar ce ke ƙarya, in kuwa ka ga 40 ƙasa da sifili to wayar sensar ce ta tsinke ko soket ɗinta ya fita.

Toh ranar farko na hau babban titi ba kaya. Minti ashirin ina tafiya lambar tana tsakanin 66 da 71, ta ƙi wucewa, alhali allura tuni ta kusa tsakiya. Washegari na yi lodi na hau tudun nan da nake jin warin, ina kallo ta bar 80 ta bar 90 ta wuce 100 har 105, allurar nan ko motsi ba ta yi ba. Nan jikina ya yi sanyi. Ashe motoci da yawa haka ake yin su, ana daidaita allurar ta zauna a tsakiya muddin zafin yana cikin wani faɗi mai yawa don kada direba ya dinga firgita, sai abu ya riga ya yi nisa sannan ta tashi, kuma in ta tashi da gudu take tashi. Wannan kaɗai ya isa in ce na'urar ta biya ni.

Ga wanda bai sani ba, injin gas na irin waɗannan motocin in ya gama ɗumama yana zama ne wajen digiri 80 zuwa 95 a ma'aunin Salshiyos. Tamostat ɗin da yawansu, wato ƙarfen da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in ya yi zafi, yana fara buɗewa tsakanin 82 da 88, ya danganta da injin, kuma lambar tana nan a buge a jikin ƙarfen tamostat ɗin, ka goge ka karanta. In ana jan kaya a tudu ya ɗan leƙa sama da 95 ya dawo da kansa ba abin tsoro ba ne. Abin tsoro shi ne ya haura 100 ya ci gaba da hawa ba ya saukowa. Sannan zama a 60 da wani abu ba lafiya ba ce, mutane da yawa suna ɗauka inji mai sanyi shi ne mai lafiya, a'a, injin gas da zafin matsa iska yake kunna mai, in ya yi sanyi man ba ya ƙonewa tas, sai shan mai ya ƙaru, baƙi ya taru, baƙin mai ya lalace da wuri, ringi da silinda su dinga cin juna. Kuma injin gas a silo ba ya ɗumama da sauri, ka bar shi minti goma sha biyar a tsaye lambar ba za ta yi wani nisa ba sai ka hau hanya.

Da na haɗa lambobin biyu, sanyi a titi ba kaya da zafi a tudu, sai na ce a kwance min gidan tamostat in gani da idona. Aka kwance noti biyu aka ɗaga, wayam, babu komai a ciki sai zoben roba. Wanda ya riƙe motar kafin ni ya cire shi, da tunanin wai hakan zai hana obahitin. Abin da masu cirewa ba sa lura da shi, a injuna da yawa tamostat ɗin aiki biyu yake yi, in ya buɗe hanyar lagireto a lokaci guda gindinsa yana toshe wata ƴar gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma cikin inji kai tsaye, to in babu shi wannan hanyar a buɗe take kullum, wani kaso na ruwan zafi ya dinga zagaye a cikin inji bai je lagireto ba. Ga sanyi lokacin da ba a so, ga zafi lokacin da ake tsoro. Na sa sabo mai lamba 82, aka fitar da iskar da ke cikin hanyar ruwa, tun daga ranar a titi tana zama 84 zuwa 87, kuma a waya har kana ganin lokacin da yake buɗewa, lambar ta hau 86 ta ɗan faɗo 83 ta sake hawa a hankali. Ina jin daɗin kallon wannan sosai.

Amma tudu bai gama da ni ba, har yanzu tana kai 100, 101. A nan ne na ƙara ganin amfanin na'urar, don ta koya min in dinga lura da yaushe zafin yake hawa ba nawa ya kai kawai ba. Nawa yana hawa ne in ina tafiya a hankali da giya biyu ko uku, ko ina cikin cunkoso da esi a kunne, da zarar na samu hanya na sake ta sai ya sauko cikin minti biyu. Wannan matsalar iska ce, fanka ba ta ja. Da a ce a gudu yake hawa a silo ya sauka, da sai in zargi lagireto ya toshe daga ciki ko wata-famfo, wato famfon ruwan inji, ta cinye fikafikanta ko fambel yana sulɓi. Fankar tawa irin mai kuloci ce da ke da man silikon a ciki, in iska mai zafi ta daki ƴar murɗaɗɗiyar wayar da ke gabanta sai ta kama ta fara gurnani. Tawa ban taɓa jin gurnaninta ba. Na kashe mota da zafinta, na cire ki, na tura fankar da yatsa, ta yi ta juyawa kamar ba a haɗe take da komai ba, ga wani baƙin maiƙo da ƙura ta manne a jikin kulocin inda man ya tsiyaye. Mai lafiya in ka tura ta da zafi za ka ji tana riƙewa, ba ta zagaye ɗaya cikakke. Aka canza, kuma tunda an buɗe wurin na sa aka leƙa tsakanin kondensar esi da lagireto, abin da ke maƙale a wurin na ciyawa da fikafikan ƙwari da laka kamar an shimfiɗa bargo, daga gaba kuwa ba ka ganin komai. Aka wanke daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi don kada haƙarƙarin ya lanƙwashe. Yanzu tudun nan da kaya iri ɗaya 93, in rana ta take 95, ina jin fanka ta kama lambar ta tsaya cak.

Sai dai fa kada wani ya ɗauka na'urar likita ce, lamba kawai take ba ka. Raguwar ruwan da nake fama da shi ba ta san da shi ba ko kaɗan, murfin lagireto ne robarsa ta tsage, da ido na gano shi. Murfin nan mutane na raina shi, alhali shi ke riƙe matsi, nawa 1.1 aka rubuta a kai, kuma matsin ne ke sa ruwan da zai tafasa a 100 ya jure har sama da 120, musamman in an haɗa shi rabi da rabi da kulant. Murfi ya mutu, ruwa ya tafasa da wuri ya fice ta tiyon robar ajiya. Haka in gasket ya fara tafiya na'urar ba za ta ce maka gasket ne ba, kai za ka duba ko kumfa na tasowa a robar ruwa ba ƙaƙƙautawa, ko babban tiyon sama ya yi tauri kamar dutse minti kaɗan bayan tayar da mota da safe, ko farin hayaki mai ɗan zaƙin wari a salansa, wanda a motocin da ke da kular EGR, wato mai sanyaya hayakin da ake mayarwa cikin inji, ita ma tana iya jawo shi in ta huje.

Akwai wani haɗari da nake so kowa ya riƙe. Sensar a cikin ruwa take auna zafi, in tiyo ya fashe ruwa ya zube gaba ɗaya za ta iya zama cikin tururi ko iska ta dinga nuna lamba mai kyau alhali inji na ƙonewa. Saboda haka duba ruwa da safe yana nan, waya ba ta ɗauke maka shi ba. Kuma don Allah kada a buɗe murfi da zafi, ko da tsumma, a jira tiyon sama ya yi laushi a hannu.

Abubuwan da ban so ba kuwa, na ɗaya tana shan batir ko mota a kashe, don soket ɗin yana da wuta kullum, na taɓa barin ta kwana shida ban tayar ba na zo ki ya yi nauyi, yanzu cire ta nake in zan ajiye mota. Wani lokaci tana yankewa daga waya sai na zare na mayar. Jabu sun yi yawa a irin su, kwali iri ɗaya ciki daban, ta farko da na samu ko haɗuwa da kwamfutar motar ba ta yi ba sai da aka canza min. Masu iPhone su tabbatar sun ɗauki mai Wi-Fi ko wadda aka rubuta tana aiki da iPhone. Zafin man giya ba ta nuna min sai an shigar da wasu lambobi na musamman, kuma tsofaffin motocin gas masu injekta famfo zalla da ba su da kwamfuta ba ta da abin da za ta karanta a jikinsu. Ko masu soket ɗin ma ba duka ba, a Amurka tun 1996 aka wajabta tsarin ga ƙananan motoci, a Turai masu gas sai wajen 2004, to in motarka ta girmi haka ka ari ta wani ka gwada kafin ka saya.

Tana karanta lambobin matsala in fitilar gargaɗin inji ta kunnu a dasbod, P0128 na nufin ruwa bai kai zafin da ya kamata ba, galibi tamostat ya maƙale a buɗe ko babu shi, P0117 da P0118 kuma na sensa ne ko wayarta. Ka rubuta lambar kafin ka goge.

In maki ake so zan ba ta huɗu cikin biyar, ɗayan na riƙe shi saboda batir da yankewa. Yadda nake amfani da ita yanzu, na sa ƙararrawa a manhajar ta yi kuka in ya kai 100 don kada in dinga kallon waya ina tuƙi, wayar tana maƙale a gefe. Tun da aka canza kulocin fanka sau ɗaya ta yi kuka, ranar da leda ta manne a gaban girili, na tsaya na bar injin a silo na cire ledar, ina tsaye lambar ta sauko 88 na ci gaba da tafiya.